RANAR ƘARSHE TA HUTU: KASUWA KO BAKIN TEKU?

Ya ku 'yan uwana ɗalibai, da malamanmu, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi magana a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a tsakaninmu. Duk lokacin da aka ba da dogon hutu, akwai waɗanda a cikinmu sukan sami damar zuwa Legas wurin 'yan uwa. Wani yana da kawu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, wani baffansa yana harkar dabbobi a Agege, wata kuma yayarta tana aure a Idi-Araba ko Obalende. Sai yaro ya yi mako huɗu ko biyar a wannan babban birni, amma idan ya dawo aka tambaye shi abin da ya gani, amsarsa ba ta wuce cunkoson motoci, da tsadar abinci, da sabon takalmin da ya sayo.

Dalili kuwa shi ne, kwanakin hutun duk sukan ƙare a cikin unguwa ɗaya, tsakanin shago da gida. Ranar ƙarshe ma, wadda ita ce ta rage masa, sai a ɓatar da ita a kasuwa wurin neman tsaraba. Ra'ayina shi ne wannan asara ce babba. Ɗan Ambursa ko Argungu ko Birnin Kebbi da ya je Legas ya kamata ya keɓe ranarsa ta ƙarshe ya je ya ga tashar jiragen ruwa da teku da gidan tarihi. Tsaraba a saye ta tun kwana biyu kafin tashi. Ga hujjojina.

Da farko, mu Kabawa mutanen ruwa ne. Mun tashi muna ganin gulbi da fadama, mun san kwalekwale da gora da homa, mun san giwan ruwa. Duniya ma ta san mu da bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, aka kawo ƙarshen tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa wannan biki a cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. To, amma ruwan nan da ke wucewa ta Matan Fada ina yake zuwa? Malamin labarin ƙasa ya koya mana cewa gulbin Rima yana haɗuwa da na Sakkwato, ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa cikin kogin Kwara. Daga nan ya bi ta Yawuri, ya shiga tafkin Kainji inda aka kammala madatsar ruwa a 1968, ya wuce Jebba da Lokoja, har ya rarrabu ya zuba a cikin tekun Atalantika. Wannan tekun kuwa shi ne yake bugun gaɓar Legas. Wanda aka haifa a bakin gulbi, ya yi tafiyar yini da dare har ya isa inda ruwan garinsu yake ƙarewa, sa'an nan ya juyo bai je ya gani ba, ai ya yi kama da wanda ya karanta littafi ya bar shafin ƙarshe.

Na biyu, abin da ke faruwa a tashar jiragen ruwa yana shafar tukunyar gidanmu kai tsaye. Galibin iyayenmu manoma ne, kuma shinkafa ce ƙarfin fadamarmu. Injin ban-ruwan da baba yake ja zuwa gona da rani, daga ƙasar waje aka kawo shi cikin jirgi. Babur ɗin da ake kai buhu kasuwa da shi, haka nan. Wasu daga cikin sinadaran da ake haɗa takin zamani da su, daga Maroko ake kawo su, bisa yarjejeniyar da Nijeriya ta ƙulla da wannan ƙasa a 2016. Alkamar da ake yin burodin da muke shan shayi da shi a ɗakin cin abinci, mafi yawanta ta ruwa take shigowa, kuma a nan Apapa akwai manyan masana'antun niƙa ta da na tace sukari. Ta wancan gefen kuma, riɗi da zoɓorodo da citta da fatun da ake nomawa ko ake tarawa a Arewa, ta wannan ƙofa suke fita zuwa kasuwannin duniya.

Batun shinkafa ma ya fi kowanne tsanani. Idan aka buɗe ƙofa shinkafar Tailan da ta Indiya suka kwararo, farashin shanshararmu yakan faɗi, manomi ya rasa kuɗin man da ya ƙona wurin ban-ruwa. Idan aka tsuke ƙofar, manomi ya ji daɗi, mai saye a birni ya yi kuka. Mun ga haka da idonmu. A watan Nuwamba na 2015 a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance ta hannun Babban Bankin Nijeriya. A ƙarshen 2016 jihohin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar haɗin gwiwa mai suna Lake Rice, mu mu noma, su su saya. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta ba da rangwamen haraji na kwana 150 a kan shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafa da masara da alkama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya taɓa aljihun mutanen Ambursa, ya taɓa kuɗin makarantar da ake biya mana. Yaron da ya tsaya a Marina ya hangi jirgi guda ɗauke da kaya wanda tireloli ɗaruruwa ba za su kwashe a sawu ɗaya ba, zai gane da wa gonar mahaifinsa take takara. Wannan fahimta ba a samun ta a kan allo kaɗai. Gani ya kori ji.

Na uku, tarihinmu yana can. Wasu suna tsammanin Legas garin wasu ne, babu abin da ya haɗa mu da shi sai neman kuɗi. Wannan kuskure ne. Tun kafin zuwan Turawa, fataken Hausa suna bi ta ƙasar nan tamu, su yada zango a Jega, su haye Kwara, su nufi Gwanja sayen goro da jakuna, tafiyar watanni. Da jiragen ruwa masu tururi suka fara zirga-zirga a gaɓar Afirka ta Yamma, sai 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka gane cewa a ɗora goro a jirgi daga Akara zuwa Ikko ya fi sauri da sauƙi. Jirgin ƙasa kuma ya haɗa Legas da Kano a 1912, daga nan gyaɗa da auduga da fata suka riƙa gangarawa kudu. Dalar gyaɗar Kano da muke gani a hotuna, a bakin ruwan Legas take ƙarewa, a cikin cikin jirgi. Wannan hanya ce ta kai Hausawa Agege da sauran unguwanni har suka kafa zango, suka naɗa sarakunansu. Ita kuma wannan sauyin hanya ce ta rage wa tsofaffin kasuwanninmu ƙarfi, domin layin dogo ya tsaya a Ƙaura Namoda, bai taɓa isowa ƙasar Kabi ba. Wanda ya ga tashar jiragen ruwa zai fi gane dalilin da ya sa wasu garuruwa suka bunƙasa, wasu suka tsaya cik.

To, me ake gani a can? Bari in bayyana, don kada a ce ina tura mutane yawon banza. Tashoshin Legas uku ne manya. Akwai ta Apapa, wadda ita ce tsohuwa. Akwai ta tsibirin Tin Can, wadda aka buɗe a 1977 bayan abin kunyar da ya faru a 1975, lokacin da aka yi odar siminti fiye da ƙima, jirage ɗaruruwa suka yi layi a kan teku wata da watanni ba su sami wurin sauke kaya ba. Sai kuma sabuwar tasha mai zurfi ta Lekki, wadda aka buɗe a 2023 domin manyan jiragen da ba sa iya shiga Apapa. Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1955, ita ke kula da su. Ba a barin kowa ya shiga cikin tashar sai da izini, amma ba lalle ne sai an shiga ba. Daga bakin ruwa a Marina mutum yana hangen Apapa a ƙetare. Zai ga dogayen injunan ɗaga kaya sun miƙe kamar raƙuman dawa, suna ɗaukar kwantena mai tsawon ƙafa 20 ko 40 kamar akwatin ashana. Zai ga yadda wasu ƙananan jirage masu ƙarfi suke ja da tura ƙaton jirgi har su jingina shi da gaɓa, domin shi da kansa ba ya iya juyawa a ƙuntataccen wuri. Akwai kuma matuƙi na musamman wanda ya san hanyar ruwan, shi yake hawa jirgin baƙi tun daga waje ya shigo da shi. Mu da muka san aikin Sarkin Ruwa, wannan ba zai zama mana baƙon abu ba: kowane ruwa da masu saninsa.

Daga Marina babu nisa zuwa Dandalin Tafawa Balewa. A da filin sukuwa ne, kuma a nan ne aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960. Muna haddace wannan rana saboda jarrabawa, amma tsayawa a wurin da abin ya faru daban ne. Kusa da shi, a Onikan, ga Gidan Tarihi na Ƙasa da aka buɗe a 1957. A ciki akwai gumakan yumɓu na Nok, da kayan tagulla na Binin, da kayan sarauta da na sana'a daga sassan ƙasar nan. Akwai kuma motar da Janar Murtala Muhammed yake ciki lokacin da aka harbe shi ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da hudojin harsashi a jikinta. Kullum muna riƙe hotonsa a takardar naira 20, amma mutum nawa ne a cikinmu suka ga wannan mota? A hanyar dawowa kuma, idan mota ta bi ta gadar Third Mainland, wadda aka kammala a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12, sai a leƙa ƙasa a ga gidajen Makoko da aka kafa a kan ruwa, da masunta cikin kwalekwalensu suna jefa birgi. A nan ɗan Kabi zai ga cewa a tsakiyar birnin da ya fi kowanne girma a ƙasar nan akwai masu sana'a irin ta kakansa.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu tana da nauyi. Ba zan tsallake ta ba.

Wasu za su ce babu kuɗi. Gaskiya ne abin hannu ya yi wuya. Amma mu yi lissafi. Kallon tasha daga bakin ruwa kyauta ne. Tsayawa a gaban Dandalin Tafawa Balewa kyauta ne. Abin da za a kashe shi ne kuɗin mota zuwa da dawowa, da na shiga gidan tarihi, da ɗan abin taɓawa. Duka ba su kai kuɗin agogon roba ko tabaran da mukan saya don burge abokai ba, waɗanda kafin tsakiyar zango sun lalace. Kuɗin mota mai yawa ai an riga an biya shi tun daga Birnin Kebbi. An bi ta Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora, an haye gadar Jebba, an wuce Ilori da Badun. Bayan duk wannan wahala, a ce ɗan abin da ya rage shi ne ya gagara? An ci tuwo, an kasa shan ruwa ke nan.

Wasu kuma, musamman iyaye, za su ce akwai hatsari. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma dole mu saurare ta. Legas gari ne da baƙo yake ɓacewa cikin sauƙi, akwai 'yan sane da 'yan damfara. Saboda haka ban ce yaro ya saci jiki ya fita shi kaɗai ba. A nemi izinin mai masauki, a tafi tare da babba wanda ya san gari, a fita da sassafe, a dawo kafin la'asar saboda cunkoso. A rubuta adireshin gida da lambar waya a takarda a sa a aljihu. Kada a ɗauki hoton wurin da jami'an tsaro suka hana. Idan za a shiga jirgin fito, a sa rigar kariya, kuma idan an ga ya cika fiye da ƙima a haƙura a jira na gaba. Mu mutanen jihar Kebbi ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan, domin ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayu na 2021 ba, inda aka yi asarar rayuka masu yawa. Sa'an nan ina jan kunnen gwanayen iyo na cikinmu: teku ba gulbi ba ce. Igiyarta tana da wani ja na ƙarƙashi da ke janye ƙafar mutum zuwa ciki, ko da ya iya ruwa kamar kifi. A tsaya a gaɓa a yi kallo, ya isa. Idan an kiyaye waɗannan, hatsarin bai fi na kutsawa cikin kasuwa da kuɗi a aljihu ba, abin da kuwa kowa yake yi ba tare da an hana shi ba.

Akwai masu cewa ranar ƙarshe ta hutawa ce da ban kwana, tunda gobe akwai doguwar tafiya. Ban ƙi ba. Amma rabin yini kawai nake roƙo. Wanda ya fita da ƙarfe bakwai ya dawo da ƙarfe uku yana da sauran lokacin ɗaure kaya da sallama da mutanen gida. A cikin mota kuma babu abin da ake yi sai barci. Dalilin da ya sa na zaɓi ranar ƙarshe shi ne, a farkon zuwa baƙo bai san gabas da yamma ba, a tsakiya kuma yana taya mai masauki aiki a shago, wanda hakan daidai ne. Sai a ƙarshe ne ido ya buɗe, aiki ya yi sauƙi, kawu ma ya fi jin daɗin cewa, “To, tashi mu je in nuna maka gari kafin ka tafi.” Abin da aka gani a ƙarshe kuma shi ya fi zama a zuciya.

Batun tsaraba fa? Ba na raina ta. Al'adarmu ce mai kyau, kuma wanda ya dawo daga tafiya hannu rabbana bai kyauta wa ƙannensa ba. Amma yawancin abin da muke wahalar saye a Legas akwai shi a babbar kasuwar Birnin Kebbi da ta Jega, wani lokaci ma da ɗan bambanci kaɗan a farashi. Abin da babu a kasuwanninmu shi ne labarin wanda ya ga jirgi da idonsa. Ƙane zai cinye alewa a rana ɗaya, amma labarin ƙaton jirgin da ƙananan jirage suke turawa yana iya sa shi ya ƙudurta zama injiniya.

Ina kuma da roƙo na musamman game da 'yan uwanmu mata. Sau da yawa idan yarinya ta je hutu gidan yayarta ko gwaggonta, daga ɗakin girki sai rainon yara har ranar komawa. Idan za a fita da maza, a tafi da ita. Ita ma tana zana jarrabawar labarin ƙasa da tarihi da tattalin arziki, tambayoyin kuma iri ɗaya ne.

Yanzu sai in juyo ga mafi yawanmu, waɗanda hutunsu a gona yake ƙarewa, ba su da kowa a Legas. Kada su ce wannan magana ba tasu ba ce. Darasin ɗaya ne: ka san abin da ke kusa da kai. Mutum nawa ne a ajinmu suka taɓa shiga Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu, alhali daga Ambursa ɗan taƙi ne a mota? Ginin nan tun 1831 yake, ya kasance fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. A ciki akwai makamai da tambura da kayan su na kakanninmu. Baƙi suna tasowa daga nesa su gani, mu kuwa muna wuce ƙofarsa. Wanda ya sami hali ya je Yawuri ranar kasuwa, ya tsaya a bakin ruwa ya ga yadda jirage suke sauke kifi da hatsi da itace da mutane. Wannan ita ce tashar jiragen ruwa tamu, kuma a 1830 'yan uwan nan biyu Turawa, Richard da John Lander, sun sauka a Yawuri kafin su bi kogin har teku su tabbatar wa mutanensu inda Kwara take ƙarewa. Ga kuma filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a nan bayan gidanmu. Duk waɗannan ƙofofi ne da kaya da mutane suke shiga da fita, kuma mai hankali yana koyon abu a kowace ƙofa.

Daga ƙarshe, ina ba da shawara uku. Ga iyaye da masu masauki: idan yaro ya roƙi a kai shi ya ga teku ko gidan tarihi, kada a ɗauka shiririta ce, a ɗauke ta cikin kuɗin karatu. Ga hukumar makaranta: ya kyautu a makon farko na kowane zango a ba waɗanda suka yi tafiya minti goma-goma su bayyana wa aji abin da suka gani, ƙungiyar labarin ƙasa kuma ta riƙa shirya ziyara zuwa Argungu da Yawuri ko da sau ɗaya a shekara. Ga 'yan uwana ɗalibai kuma: ku tafi da ƙaramin littafi da biro. Ku rubuta sunan jirgin da kuka gani da tutar ƙasar da yake ɗauke da ita, ku dawo ku nemo ƙasar a taswira. Ku tambayi masu aiki a wurin cikin ladabi, domin matambayi ba ya ɓata.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma mabuɗi ba ya buɗe ƙofa sai an sa shi an murɗa. Allah ya kai mu hutu na gaba lafiya, ya kuma dawo da matafiyanmu gida lafiya.